Ina Jinyar Uwar Wani, Tawa Tana Gida



A wani daren hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe biyu, ina tsaye a gefen gadon wata tsohuwa Baturiya da ta haura shekara 80, ni da abokiyar aikina muna juya ta daga ɓarin dama zuwa na hagu. Haka ƙa'ida take ga wanda ba ya iya motsa jikinsa: ana juya shi bayan 'yan sa'o'i, don kada nauyi ya daɗe a wuri ɗaya har fata ta fashe ta zama gyambo. Na gyara mata matashi, na shafa mata mai a dugadugai, ita kuwa ta riƙe hannuna tana kirana da sunan 'yarta, domin tsufa ya riga ya rikita mata tunani. Da na sami hutun rabin sa'a na duba waya, sai na tarar da saƙon murya daga Yayana. Inna ta faɗi a tsakar gida bayan sallar isha'i, bakinta ya karkace, hannunta na hagu ya daina motsi, an kwantar da ita a asibiti. Ƙanwata ce ke tare da ita.

Kafin asuba na tura kuɗi. Na kira wata abokiyar karatuna da ke aiki a asibitin, na roƙe ta ta leƙa mini ita. Sa'an nan na wanke hannu, na sa sabuwar safa, na koma wajen tsohuwar mutane, domin lokacin sake juya ta ya yi.

Ba a yi mako biyu ba sai wata yarinya da na taɓa koya wa ɗaura ƙarin ruwa, lokacin tana ɗaliba, ta rubuto mini: “Anti, don Allah ki nuna mini hanya. Ni ma na gaji, ina so in taho.” Hanya kam na san ta, don na bi ta da ƙafata: jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, jarrabawar kwamfuta da ake rubutawa tun daga gida, jarrabawar gwajin aiki ta OSCE bayan an iso, rajista da hukumar NMC, sai a fara aiki a mataki na 5. Amma sai da na kwana uku ban ba ta amsa ba. Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: wanda ya koyi jinya a cikin mutanen da ke fama da ƙarancin ma'aikata, sa'an nan ya ɗauki iliminsa ya kai ƙasar da ta fi biya, ya yi laifi? In kuwa bai yi ba, me ya hana zuciyarsa kwanciya?

Bari in fara da kalmar kanta. A Hausa, tun asali jinya aikin dangi ce. Idan aka ce wance tana jinya, ana nufin uwarta ko mijinta ko ɗanta na kwance, ita kuma ta ajiye komai ta zauna a kansa. Duk wanda ya taɓa shiga babban asibiti a Arewa ya ga masu jinya: tabarmi a baranda da ƙarƙashin darbejiya, kuloli da butoci, mata na wanki a bakin famfo. Su ne ke yi wa majinyaci wanka, su ba shi kunu a baki, su zubar da fo, su ruga kantin magani da takardar likita. Malamar asibiti ta yi allura, ta sa ruwa, ta wanke ciwo, ta rubuta. Saura na dangi ne. A nan Ingila kuwa kusan duk wannan yana wuyan ma'aikata, mu da mataimakanmu. Ban faɗi haka don zargin kowa ba, tsarin rayuwarsu ne, kuma na sha ganin 'ya'yan da suka kwana a kujera kusa da iyayensu. Abin da nake nufi shi ne, aikin da nake karɓar albashi a kansa a nan, shi ne ainihin aikin da addini da al'ada suka ɗora wa 'ya a kan uwarta ba tare da ko sisi ba.

Masu ganin laifinmu suna da hujja, kuma bai kamata mu toshe kunne ba. Imam Ghazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa ilimin magani cikin farillai na kifaya, wato waɗanda in wasu suka tsaya da su nauyi ya sauka daga kan saura, in kuwa aka rasa mai yi kowa ya ɗauki alhaki. Har ya koka da yadda masu karatu a zamaninsa suke rububin fannonin da ke kai mutum ga muƙami, suna barin garuruwa babu likita daga cikinsu. Yanzu mu dubi halin garuruwanmu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi tsanani a cikinsu, kuma Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna ciki. Kusan duk inda Bahaushe ya fito ke nan. Saboda wannan jeri, ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a ƙasashen, amma ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa ba. Ta wannan ƙofa muka shigo.

Akwai kuma abin da ya fi alƙaluma nauyi a wurina. Makarantar da na yi ta gwamnati ce, kuɗinta kaɗan ne, da dukiyar jama'a aka riƙe ta. Hannun nan nawa da ake yabo a nan wajen gano jijiya, a jikin talakawa ya koya. Ina tuna matan ƙauye da suka miƙa wa ɗaliba mai rawar hannu damtsensu, ta soka sau uku ba ta samu ba, su ce, “Ba komai 'yar nan, sake.” Ba su yi wannan haƙuri don wata tsohuwa a arewacin Ingila ta amfana ba.

To, amma me ya fitar da ni? Shekara tara na yi ina aiki a gida. Na yi aikin dare mu biyu a ɗakin da gadajensa sun haura 30. Na nemi jijiyar jariri da fitilar waya. Na sayi safar hannu da kuɗin aljihuna a watan da albashi bai shigo ba. Daren da ya karya mini zuciya shi ne wanda wata mai jego ta yi ta zubar da jini, mijinta yana yawo a gari yana neman wanda zai ba da jini, ya dawo bayan rai ya yi halinsa. Na san duk abin da ya kamata a yi mata, dalla-dalla, amma abin yi da shi ne babu. Wanda ya ga irin wannan sau da yawa, ɗayan biyu ke samunsa: ko ya tafi, ko zuciyarsa ta bushe har ya fara yi wa majinyata tsawa. Na fara jin bushewar a muryata, kuma ta tsorata ni fiye da tafiyar.

Farillar kifaya a kan jama'a take, kuma ta fi nauyi a kan waɗanda ke riƙe da iko da baitulmali. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta cika alkawarin ba. A farkon 2024 hukumar da ke kula da aikin jinya da unguwarzoma a Najeriya ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan kammala karatu kafin a tantance masa takardunsa don fita waje, ma'aikata kuma suka fito zanga-zanga. Na fahimci damuwar da ta haifi sharaɗin. Sai dai wanda aka tsare a bakin ƙofa alhali ba a gyara abin da ya kore shi daga ɗaki ba, jikinsa kawai aka riƙe. Ba adalci ba ne a ɗauki farillar da al'umma gaba ɗaya ta yi sakaci da ita, a jibga wa yarinya mai shekara 25 ita kaɗai.

Haka nan tsohuwar da nake juyawa tana da nata haƙƙin. Ciwo bai san launin fata ba, kuma ladan tausaya wa mai rauni ba ya raguwa don ya fito daga wata ƙabila. Tun da aka kafa NHS a 1948 take dogaro da hannun baƙi, daga Ayalan da tsibiran Karibiyan har zuwa Indiya da Filifin da Afirka. Kuma kada na gida su ɗauka hutu muka zo. Aikin yini guda sa'a 12 ne ko fiye, mafi yawansa a tsaye. Mai shekara goma tana aiki a gida takan fara daga mataki ɗaya da wadda ta gama makaranta jiya. Akwai majinyacin da zai dube ka ya ce a kawo masa wata nas. Salla a cikin ɗan hutu ake saƙala ta, haya da haraji kuma su cinye rabin abin da ake hange daga nesa. A Disambar 2022 babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta nan, RCN, ta shiga yajin aiki irin wanda ba ta taɓa yi ba a tarihinta, saboda albashi da ƙarancin ma'aikata.

Da na auna waɗannan duka, sai na tsaya a kan cewa fitowata ba zunubi ba ce. Amma na gane akwai bambanci tsakanin laifi da bashi. Mai bashi ba ɓarawo ba ne, babu mai ikon zaginsa a kasuwa. Duk da haka ba a ce ya sauke nauyi sai ya biya. Mu da muka fito muna da bashi iri biyu a wuya: na iyayen da muka bari, da na jama'ar da muka koyi aiki a jikinsu. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne zaton cewa kuɗin da nake turawa kowane wata suna biyan duka biyun.

Inna ce ta gyara mini wannan lissafi. Bayan an sallame ta, muka yi magana ta bidiyo, harshenta na harɗewa. Sunan mahaifiyarta gare ni, don haka ba ta kama sunana. Ta ce, “Uwata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Sai dai ƙanwarki ba ta iya juya ni ba, bayana duk ciwo yake.” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, yanzu zan nuna mata.” Na sa ƙanwata ta jingina wayar a kan kujera, na riƙa faɗa mata inda za ta sa hannu, yadda za ta lanƙwasa gwiwa, inda matashi zai shiga, da yadda za ta tallafe hannun da ya shanye don kada ta ja shi kafaɗa ta goce. Na ce kada a ba Inna komai a baki tana kwance, a zaunar da ita sosai, a ba ta kaɗan-kaɗan, a lura ko tana sarƙewa, domin shanyewar ɓarin jiki takan taɓa haɗiya, abinci ya bi ta hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Babu ko ɗaya cikin wannan da ke buƙatar na'ura ko naira. Abin da na ɗauke daga gidanmu ranar da na hau jirgi ke nan, kuma kuɗi ba su mayar da shi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Jinya kuwa a hannu take.

A daidai wannan lokaci nake tsaye a mararrabar da kowace nas ke isa bayan ta yi shekara biyu ko uku a nan. Hanyoyin suna da yawa. Akwai aikin ejensi, inda ake biyan sa'a da tsada kuma kai ke zaɓar ranakunka, amma kullum kai baƙo ne a sabon ɗaki, babu mai ɗaukar nauyin ƙarin karatunka. Akwai hawa mataki na 6 da na 7 har a zama shugabar ɗaki, inda jadawalin ma'aikata da kasafi da taro ke cin lokacin da a da na majinyaci ne. Akwai ƙwarewa a fanni guda, kamar ciwon sukari ko sikila ko shanyewar jiki ko ɗakin kulawa ta musamman. Akwai digiri na biyu da ke kai nas ga duba majinyaci da rubuta magani da kanta. Akwai bin majinyata gida-gida, da gidajen kula da tsofaffi, da koyarwa a jami'a. Wasu kuma sun mai da Ingila zango, suna hangen Amurka ko Kanada ko Ostireliya ko Saudiyya.

Babu haram a cikin ko ɗaya. Amma ku lura da hirarmu in mun haɗu a wurin suna ko walima: tambayar da ke yawo ita ce nawa ake biyan sa'a. Tambaya ce mai kyau, mai iyali dole ya yi ta. Abin da nake roƙo shi ne mu ƙara mata ta biyu: cikin waɗannan hanyoyi, wace ce za ta bar mini abin da zai yi wa mutanena amfani? Akwai ƙwarewar da ke manne da na'ura, in ka rabu da na'urar ta zauna. Akwai kuma wadda ke bin mutum duk inda ya je, kamar kula da gyambo, farfaɗo da wanda jikinsa ya shanye, kiyaye ƙafar mai ciwon sukari, hana yaɗuwar cuta a ɗakin majinyata, da iya koyar da wani.

Mata biyu sun riga mu nuna yadda ake wannan zaɓi. Kofoworola Abeni Pratt ta zo Landan a 1946 ta yi karatu a makarantar Nightingale da ke asibitin St Thomas, ana kuma lissafa ta cikin baƙaƙen fata na farko da suka yi aikin jinya a NHS. A 1954 ta koma gida, a 1964 ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan. Ita ta biya nata ta hanyar komawa. Elizabeth Anionwu kuwa a nan aka haife ta, mahaifinta ɗan Najeriya, mahaifiyarta 'yar asalin Ayalan. Ta ga yadda ba a kula da masu sikila, ciwon da ya fi kama baƙar fata, sai a 1979 ta taimaka aka buɗe cibiyar gwaji da ba da shawara kan sikila a unguwar Brent, ta zama nas ta farko a Birtaniya da ta ƙware a fannin. Ita ba ta bar Ingila ba, amma buƙatar mutanenta ce ta zaɓar mata fanni. Mu ma muna da mutane a nan: dattawanmu da suka zo shekaru da dama sun fara tsufa, wasu Turancinsu na gudu in ciwo ya yi tsanani, wasu ba su san abin da doka ta ba su ba.

Na san abin da wani zai ce: wannan duk lallashin kai ne, darasi ta waya ba ya cike gurbin aikin dare. Gaskiya ne. Ɗakin da na bari ya rage mutum ɗaya, kuma abokiyata da ta zauna ita ke ɗauke da rabona. Ita ta fi ni, ban kuma da bakin yi mata wa'azi. In mun koma hutu mu yi hattara da ɗaga hanci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma su sun iya ceton rai da abin da mu a nan ba za mu iya fara aiki da shi ba. Haka kuma ba kowa ke da sararin zaɓi ba. Akwai wadda ta ci bashi ta taho, akwai mai riƙe da marayu, akwai wadda bizarta ke ɗaure da wurin aikinta. In irin wannan ta bi inda kuɗi suka fi, babu mai ganin laifinta; kowa gwargwadon ƙarfinsa. Abin da nake tsoro shi ne mu kai ranar da za mu daina jin cewa ana bin mu wani abu.

Ni dai na ajiye takardar ejensi da na riga na cike, na nemi canji zuwa sashen masu shanyewar ɓarin jiki, kuma an ba ni. Kuɗin bai kai wancan ba, ginin da na fara a gida zai jira. Sau ɗaya a wata muna haɗuwa ta intanet da tsoffin abokan aikina, in kawo abin da na koya, su kawo abin da suka gani, kuma sau da yawa ni ke ƙaruwa. Hukumar NMC tana bukatar kowace nas, duk shekara uku, ta nuna ta yi aikin sa'a 450 da ƙarin karatu na sa'a 35, ta kuma rubuta nazari biyar a kan aikinta kafin a sabunta mata rajista. Babu hukumar da ke tambayarmu abin da muka mayar gida, don haka sai mutum ya riƙa tambayar kansa.

Yarinyar nan kuwa na ba ta amsa. Na zayyana mata hanya duka, ban ɓoye komai ba, na kuma gargaɗe ta da masu karɓar kuɗi da sunan sama wa mutum aiki. Sa'an nan na roƙe ta abu biyu. Kafin ta taho, ta zaunar da ɗaliban da ke ƙarƙashinta ta koya musu duk abin da hannunta ya iya. Kuma tun kafin ta karɓi albashin farko, ta rubuta a takarda abin da ta yi niyyar mayarwa da lokacin da za ta fara, domin na ga yadda fam ke saurin mantar da mutum abin da ya ƙudurta a filin jirgi.

Da babbar salla na sami hutun mako uku na je gida. Na karɓi ƙanwata, na ce ta je ta yi barci. Da safe na ɗora ruwa, na yi wa Inna wanka, na shafe ta da man kaɗanya, na motsa mata yatsun hannun da suka fara ƙanƙancewa ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, “Ashe haka kike yi wa tsofaffin Turawa? Lalle sun more.” Muka yi dariya, na juya baya ina matse tawul don kada ta ga idona. Ranar da zan taho ta ce in je, aikina ibada ne, amma kada in daɗe. Na dawo na tarar tsohuwar da ke kirana da sunan 'yarta ta rasu, an sa wata a gadonta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na nan, ya saka wa waɗanda suka zauna suna riƙe da asibitocinmu da alheri, mu kuma ya ba mu ikon sauke abin da ke wuyanmu tun iyayenmu na da rai. Amin.